Wasan Finbol: Sa'a ce, ko Gwaninta?

Akwai wani wasa na ƙasar Amurka wanda a ke kira finbol. Shekara 34 hukumar birnin New York ta hana shi, domin ta ce caca ne, sa'an nan daga baya ta komo ta ce ba caca ba ne. Ina so mu duba yadda a ke yinsa da asalinsa, don mu gane abin da ya raba sa'a da gwaninta.

Siffar akwatin

Ku ƙaddara wani dogon akwati mai ƙafa huɗu kamar tebur, an rufe samansa da gilashi. Ƙarƙashin gilashin akwai faifan katako wanda aka ɗan jirkice shi, ƙurya ta fi tudu, wajen mai wasa ya fi gangare. A can ƙurya an tsai da wani allo mai fitilu, nan ne a ke nuna yawan makin da mutum ya ci. Ƙwallon kuwa na ƙarfe ne, sumul, kaurinsa inci ɗaya da 'yar ɗoriya.

A hannun dama akwai 'yar sanda mai murɗaɗɗiyar waya, watau sifirin. In ka ja ta baya ka saki, sai ta harba ƙwallon ya bi wani siririn lungu har ƙurya, daga can ya fara gangarowa. A kan hanyarsa ya kan gamu da waɗansu turaku masu aiki da lantarki, waɗanda da ya taɓa su sai su ture shi da ƙarfi, ƙararrawa ta kaɗa, maki ya ƙaru. Akwai kuma 'yan alluna da a ke so a buge, da ramuka masu riƙe ƙwallon kaɗan su tofo shi. A can ƙasa, dab da mai wasa, ga wani rami buɗe. Ƙwallon da ya faɗa ciki ya tafi ke nan.

Bakin wannan rami akwai 'yan sanduna biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, waɗanda za mu kira fukafukai, domin ɗagawa su ke yi kamar fiffiken tsuntsu. Kowane yana da maɓallinsa a gefen akwati. In ka danna, fiffiken ya ɗaga ya mai da ƙwallon sama. Ku riƙe zancen fukafukan nan, domin su ne gindin maganarmu.

Dokokin wasa

Na fari, a kan jefa tsabar kuɗi cikin wata kafa kafin akwatin ya tashi. Na biyu, a tsofaffin akwatuna ƙwallo biyar a ke bai wa mutum, ɗaya bayan ɗaya, na baya kuwa galibi uku. Na uku, ba a ƙayyade lokaci ba. Muddin ƙwallonka bai faɗa rami ba, kana nan kana wasa. Na huɗu, wanda makinsa ya kai adadin da aka rubuta a jikin wata 'yar takarda ƙarƙashin gilashi, a kan ba shi wasa guda kyauta, akwatin kuwa ya yi wata ƙara, ƙwas, don kowa ya ji.

Doka ta biyar ita ce ta fi ban sha'awa. An yarda mai wasa ya ɗan zunguri akwatin da hannu don ya karkatar da ƙwallo, amma fa da iyaka. Cikin akwatin an rataye wani ɗan ƙarfe mai nauyi a tsakiyar zobe, kamar ma'aunin da magina ke duba miƙewar bango da shi. In girgiza ta yi yawa har ƙarfen ya taɓa zoben, sai kalmar TILT ta haska a allo, ma'anarta an karkata akwati. Nan take fukafukai su mutu, ƙwallo ya gangara rami kana kallo. A waɗansu tsofaffin akwatuna ma wasan duka ne ya ke ƙarewa.

Asalinsa

Kakan finbol wani wasa ne na Faransa mai suna bagatel, wanda ya yi tashe tun ƙarni na 18. A kan tura ƙwallo da sanda bisa tebur mai gangare, ya yi ta karo da ƙusoshi har ya faɗa wani rami mai lamba. Daga ƙusoshin nan ne sunan finbol ya samo asali, domin ma'anarsa ƙusa da ƙwallo. A cikin 1871 wani mutumin Ingila mazaunin Amurka, Montague Redgrave, ya karɓi takardar mallakar dabarar sandar harbi mai sifirin, wadda har yau ba a bar ta ba.

Sa'ad da karayar arziki ta auka wa Amurka daga 1929, mutane suka rasa aiki, suna neman abin ɗebe kewa mai araha. A cikin 1931 David Gottlieb na birnin Shikago ya fito da wani ɗan akwati mai suna Baffle Ball, wanda a ke ɗorawa bisa kanta, a yi wasa da shi da ƙaramin tsaba guda. Aka yi ta rububinsa. Baya gare shi kaɗan Ray Moloney ya fito da nasa, Ballyhoo, wanda kamfanin Bally ya sami sunansa daga gare shi. A cikin 1933 Harry Williams ya sa lantarki cikin wani akwati mai suna Contact, shi ne kuma a ke danganta wa dabarar TILT.

To, amma ku lura, duk waɗannan ba su da fukafukai. In ka harba ƙwallo, aikinka ya kusa ƙarewa, saura kallo. Ga shi kuma waɗansu akwatuna suna zubo kuɗi ga wanda ya dace. Saboda haka mutane da yawa suka ce wannan caca ce tsantsa, ba su kuwa yi nisa da gaskiya ba. A farkon 1942 magajin garin New York, Fiorello La Guardia, ya sa 'yan sanda suka kwashe dubban akwatuna, aka farfasa da guduma, yana cewa suna cinye kuɗin abincin 'yan makaranta. Shikago da Los Angeles su ma sun hana.

Zuwan fukafukai

A cikin 1947 kamfanin Gottlieb ya fitar da wani akwati mai suna Humpty Dumpty. Wani ma'aikacinsu, Harry Mabs, ya sa masa fukafukai shida, uku a kowane gefe. Da shekara ta kewayo, Steve Kordek ya rage su zuwa biyu, ya sauko da su ƙasa, a akwatin da a ke kira Triple Action. Daga nan wasa ya sake kama. Dā ƙwallo ke yin yadda ya ga dama da mutum, yanzu kuwa mutum ya sami hannu a cikin al'amarin.

Duk da haka dokar New York ba ta sake ba, sai a cikin 1976. A shekarar nan wani saurayi marubuci, Roger Sharpe, ya tsaya gaban majalisar birnin New York da akwati, yana wasa yana faɗa musu inda zai aika ƙwallo kafin ya buga. Daga ƙarshe ya nuna wata kafa a can ƙurya, ya ce ta nan ƙwallon zai bi. Ya ja sanda ya saki, ƙwallo kuwa ya bi ta nan. Gani ya kori ji, majalisa ta ɗage hanin. Shi kansa daga baya ya yarda akwai sa'a cikin wannan harbi.

Wajen wannan lokaci aka fara sa ƙwaƙwalwar lantarki cikin akwatuna. The Addams Family na 1992 an sayar da fiye da 20,000. Daga baya kasuwa ta faɗi, Gottlieb ya rufe a 1996, Williams ya bar sana'ar a 1999, amma kamfanin Stern ya ci gaba da ƙerawa.

Yadda gwani ke yi

Sabon shiga ya kan danna fukafukai biyu gaba ɗaya, yana ta bugu ba ƙaƙƙautawa. Wannan kuskure ne, domin in duka biyun suka ɗaga, kafar da ke tsakaninsu ƙara buɗewa ta ke yi. Gwani ɗaya ya ke dannawa, a lokacin da ya kamata. In ƙwallo ya zo a hankali, ya kan ɗaga fiffike ya riƙe, ƙwallon ya kwanta a gindinsa. Sa'an nan ya numfasa, ya dubi abin da ya ke so ya buga, ya saki. In ya buga da wuri ƙwallo ya miƙe sama, in ya jinkirta har ya kai bakin fiffike sai ya tsallaka ɗaya gefen. Wani lokaci ma ba ya danna kome, sai ya bar ƙwallon ya yi tsalle daga wannan fiffike zuwa wancan. Kafin duk wannan kuwa ya riga ya karanta 'yar takardar dokoki, ya san inda maki ya ke.

To, sa'a ce ko gwaninta? Kowace tana da rabonta. Ba mai iya faɗin inda turaku za su jefa ƙwallo, kuma kome ƙwarewar mutum ƙwallonsa zai faɗa rami daga ƙarshe. Amma ga ma'auni mai sauƙi wanda za ku iya gwada kowane wasa da shi. Ku haɗa gwani da sabon shiga su kara sau ɗaya, mai yiwuwa ne sabon ya ci. Ku bar su su kara sau ashirin. In har yanzu ba a san na gaba ba, wasan na sa'a ne. In kuwa mutum guda ke ta ci, to, akwai abin da ya sani wanda ɗan'uwansa bai sani ba, abin nan kuwa ana iya koyonsa.