Amsoshin Tambayoyinku: Farfela Mara Nauyi a Motar Tsere

Wani mai sauraronmu daga Kano ya aiko da tambaya: mene ne amfanin sa wa motar tsere farfela mara nauyi?

To Malam, farfela ita ce sandar da ke ɗaukar ƙarfin inji daga giya zuwa tayoyin baya. Yawanci da ƙarfe ake ƙera ta, amma akwai ta alminiyum da ta zaren kabon. Alminiyum bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙarfe ba, don haka inji ba ya wahala wajen juya farfelar alminiyum, da an taka totur mota ta amsa. Babban amfanin kuwa yana wajen gudu. Doguwar farfela mai nauyi, idan juyinta ya kai wani mataki, sai ta fara lanƙwasa tana girgiza mota, har ta iya tsinkewa. Ta zaren kabon tana jure juyin da ya fi haka, shi ya sa BMW suka sa ta a motarsu M3 ta 2014, kamar yadda Nissan suka yi a 350Z. In ma ta karye, tarwatsewa take yi, ba ta dukan ƙasan mota kamar ta ƙarfe.

Wasu kan ce asarar kuɗi ce, tunda ba ta ƙara wa inji ƙarfi. Suna da gaskiya a nan: siririya ce, don haka wahalar da take rage wa inji kaɗan ce, ga tsada, kuma dutse na iya tsaga ta zaren kabon a hanya mai gargada. Sai dai ga motar da aka ƙara wa inji ƙarfi, ake kuma tsere da ita a fili, kariya daga girgiza da tsinkewa ta cancanci kuɗin. Idan motar zirga-zirga ce, Malam, fara da tayoyi da birki.