DARASINMU NA WANNAN FITOWA: ARZIKIN TEKU, A CI RIBA A BAR UWA

  

Wata za ta ce, mu da ke Kano ko Zariya ina ruwanmu da teku? To ai kifin ƙanƙaran nan da muke soya wa yara daga teku ya fito, kuma da yawansa daga waje ake shigo da shi, domin wanda Nijeriya ke kamawa da wanda take kiwo bai ishe ta ba. Ashe ke nan abin da ya taɓi teku sai ya taɓi tukunyarmu.

Ƙasashe na neman bunƙasa arzikinsu ta hanyar teku: kamun kifi, jiragen dakon kaya, haƙar mai da yawon buɗe ido. Nijeriya, mai gaɓar teku ta kimanin kilomita 853, ta kafa ma'aikata sukutum domin wannan a 2023. Nema ba laifi ba ne, don aya ta 14 a Suratun Nahli ta nuna Allah ne Ya hore mana teku mu ci daga cikinta. Amma aya ta 41 a Suratur Rum ta yi gargaɗi kan ɓarnar da hannayen mutane ke jawowa a tudu da teku. Duk mai sana'a a cikinmu ta san ƙa'idar: riba ake ci, ranar da aka taɓa uwar kuɗi sana'a ta kama hanyar mutuwa. Kifayen da ke hayayyafa su ne uwar kuɗin teku.

Mu dubi Kanada. Ɗaruruwan shekaru mutanen Nufawunlan na rayuwa da kifin kod, irin wanda ake busarwa a kawo mana daga Norwe. Da manyan jiragen zamani suka shigo, sai aka riƙa kwasa fiye da yadda kifin ke haihuwa. A 1992 kifi ya yi ƙarancin da dole gwamnati ta hana kama shi, mutum kusan 30,000 suka rasa abin yi. Ba a ɗage haramcin ba sai 2024, bayan shekara 32.

Na biyu ya fi kusa da mu. A Muritaniya, Senegal da Gambiya an kakkafa masana'antun da ke niƙe ƙananan kifaye su yi gari da mai, a fitar zuwa Turai da Asiya don ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Sai an niƙe kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a sami kilo 1 na gari. Rahoton da ƙungiyar Greenpeace da abokan aikinta suka fitar a 2021 ya ce abin da ake kwashewa ya haura tan 500,000 a shekara, wanda zai iya ciyar da mutum miliyan 33. E, ƙasa na samun kuɗin waje. Amma wa ke biyan kuɗin? Mata ne irinmu, yawancinsu Musulmi, masu ƙyafe kifi su sayar su riƙe gida. Masana'anta ta fi su kuɗi a bakin ruwa, sai kifin talaka ya fi ƙarfin talaka.

Na uku kuwa abin farin ciki ne. A tsibirin Misali, kusa da Pemba a Tanzaniya, masunta kan jefa nakiya a ruwa, ta kashe babba da ƙarami, ta rusa wuraren da kifi ke ƙwai. Hani na hukuma bai yi tasiri ba. Wajen shekarar 2000 aka haɗa kai da limamai da malaman makarantun allo, suka karantar da cewa ɗan Adam halifa ne, teku kuma amana ce a hannunsa. Masunta da yawa suka ajiye nakiya. Abin da tsoron hukuma bai yi ba, tsoron Allah ya yi. Mu ma mun gaji irin wannan hikima: a Argungu akan hana su a Matan Fada har sai lokacin biki.

To mene ne namu a ciki?

1. Kada mu yi almubazzaranci da abinci. Mu sayi daidai buƙata.
2. Ledoji da robobin da muke watsawa a kwata, ruwan sama ke jan su zuwa koguna, wasu har teku. Mu tara su wuri guda, mu koya wa yara.
3. Wadda maigidanta ko ɗanta masunci ne, ta yi masa nasiha cikin ladabi ya guji zuba guba a ruwa da yin su da gidan sauro, don yana kwashe 'ya'yan kifi.
4. Mu tattauna wannan darasi a wuraren ta'aliminmu.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sa wa abincinmu albarka, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.