Darasin Lafiya: Ƙofar da Ake Kai Zazzaɓi, Nan Ake Kai Damuwa

Darasin wannan fitowa na iyalan da suka sauka a Nima, Maamobi da sauran Zangunan Akra ne, amma waɗanda ke sansani ma su karanta, domin tsarin asibiti ɗaya ne a duk ƙasar Ghana. Mai iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Maganar ita ce: rashin barci, yawan tunani, firgita da baƙin cikin da ya ƙi wucewa ciwo ne mai magani, kuma a ƙaramin asibitin unguwa ake fara duba shi, wurin da ake gwada jini da awon ciki.

1. Me ya sa muka ɗauko wannan magana?

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasi cewa a wuraren da rikici ya shafa, kusan mutum 1 cikin 5 yana fama da irin wannan ciwo, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Idan gidan haya yana da manya 10 da suka gudo daga yaƙi, to a sa ran biyu daga cikinsu suna ɗauke da shi, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba.

Mu da muke aikin tafinta mun san yadda ake kawo kukan. Da wuya mutum ya ce damuwa ce ke cinsa. Abin da muke ji shi ne: kaina na sara, ƙirjina ya yi nauyi, jikina duka ya mutu, abu na yawo a jikina. Sai a gwada zazzaɓin sauro, a auna hawan jini, a ga ba komai, a ba da maganin ciwon jiki. Bayan mako biyu mutum ya dawo da kuka iri ɗaya, kuɗin mota ya tafi, ciwo yana nan. Ba ƙarya ya yi ba, ciwon jikin na gaske ne. Sai dai tushensa ba a taɓa shi ba, saboda ba a tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

2. Yadda Ghana ta sauya tsari

Shekaru da yawa manyan asibitoci uku ne kawai ke wannan aiki: na Akra da aka buɗe a 1906, na Ankaful kusa da Cape Coast, da na Pantang a hanyar Aburi. Duk ukun suna kudu. Na Akra ba shi da nisa da Nima, har unguwar Asylum Down daga gare shi ta samo suna. Amma mutane na gudun a gan su a ƙofarsa, don kada a ce wane ya haukace, auren 'ya'yansa ya lalace.

A 2012 majalisar dokoki ta zartar da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa mai lamba 846, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma ce a kai wannan kulawa kusa da gidajen mutane. Shi ya sa ake tura nas-nas da suka karanci wannan fanni zuwa asibitocin gundumomi, ana kuma horar da jami'an lafiyar ƙwaƙwalwa na cikin al'umma a kwalejin lafiya ta Kintampo. A ƙauyuka da unguwanni akwai tsarin CHPS, wanda ya samo asali daga gwajin da aka yi a Navrongo, inda nas ke zama cikin jama'a tana bi gida-gida.

Littafin aikin da ake horar da ma'aikata da shi sunansa mhGAP. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta ƙaddamar da shirin a 2008, a 2015 kuma ta haɗa hannu da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da na wuraren gudun hijira. Manufarsa ita ce nas ko mataimakin likita ya iya gane baƙin ciki mai tsanani, firgita, taɓin hankali, farfaɗiya da shaye-shaye, ya fara magani, ya tura mai tsanani gaba. Saboda haka wanda ke Maamobi zai iya farawa daga Babban Asibitin Maamobi, ya yanki kati kamar kowa, ya nemi a haɗa shi da nas mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

3. Awo: tambayoyi tara

Zazzaɓi ana auna shi da abin gwada zafi, hawan jini da abin ɗaurawa a hannu. Damuwa kuwa da tambaya ake auna ta. Takardar da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce PHQ-9. Inda ba a amfani da takardar, nas za ta yi irin tambayoyin da baki. Ana tambaya ne a kan makonni biyu da suka wuce:

Shin abin da ka saba jin daɗinsa ya fita daga ranka? Kana cikin baƙin ciki ko yanke ƙauna? Barci ya ƙi zuwa, ko ya yi yawa? Gajiya ta rufe ka? Abinci ya ƙi ciwuwa, ko kana ci ba ƙima? Kana ganin kanka ba ka da amfani, ko ka kunyata iyalinka? Hankalinka na kasa tsayawa wuri ɗaya? Mutane sun lura ka yi sanyi, ko ka kasa zama? Tunanin gara mutuwa ko cutar da kanka yana zuwa maka?

Kowace amsa tana da lamba. Ko kaɗan babu, 0. Wasu 'yan kwanaki, 1. Fiye da rabin kwanakin, 2. Kusan kullum, 3. Idan aka tara, jimilla tana kamawa daga 0 zuwa 27. Daga 5 zuwa 9 mai sauƙi ne. Daga 10 zuwa sama ana bukatar a zauna a duba sosai. Daga 20 zuwa sama mai tsanani ne. Tambaya ta tara kuwa, ko 1 aka samu a kanta, ba a barin mutum ya tafi sai an yi magana da shi.

Wannan ba jarrabawa ba ce, ba a ci, ba a faɗi. Lambar kaɗai ba ta yanke hukunci, ma'aikaci ne zai haɗa ta da abin da ya ji daga bakinka. Amfaninta na gaske yana wajen dawowa. A ce wata uwa ta samu 18 a ranar farko. Bayan makonni shida aka sake aunawa ta samu 9. Lamba ta ragu da rabi, magani na aiki, a ci gaba. In kuma har yanzu tana 17, to a sauya magani ko a tura ta wurin babban likita. Wanda bai dawo awo na biyu ba, ya hana kansa wannan gyara.

Mun san al'adarmu. Ana gaishe ka, ka ce lafiya lau ko da gida na cin wuta. Wannan na bakin ƙofa ne. A gaban nas, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In nas ba ta jin Hausa, a nemi tafinta babba. Kada a sa yaro ya fassara wa mahaifiyarsa tambaya ta tara.

4. Abin da ke biyo bayan awo

Na farko, magana mai tsari. Akwai shirin PM+ na zama 5, sau ɗaya a mako. Ana koyon numfashi a hankali idan tsoro ya taso, a ɗauki matsala ɗaya a warware ta daki-daki, a koma ga aikin da aka bari, a ƙarfafa zumunci. Ba lallai sai likita ba, wanda aka horar zai iya. A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron mutane, kuma bincike ya nuna masu zuwa wurinsu sun samu sauƙi.

Na biyu, ƙwaya, ga wanda ciwonsa ya kai. Magunguna irin su fluoxetine da amitriptyline ba sa aiki a kwana ɗaya, sukan ɗauki makonni kafin a ga canji. Bayan an ji sauƙi ana ci gaba da sha na wasu watanni, kuma ba a dainawa sai da shawarar wanda ya rubuta. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa tun farko. Haka mai farfaɗiya: kusan 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa idan sun riƙe magani yadda aka ce.

Tramadol da ƙwayar barci ta bakin titi ba maganin damuwa ba ne. Suna rufe ciwo na dare ɗaya, su ƙara wani ciwon a kai. Matashin da ya riga ya kamu, shi ma wannan ƙofa tasa ce.

5. Malam da nas

Ba mu ce a bar addu'a ba, ba mu ce a daina zuwa wurin malam ko fasto ba. An yi gwaji a Kumasi da Ibadan, aka buga sakamakonsa a 2020. Ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa ziyartar masu maganin gargajiya da na addini suna duba masu taɓin hankali tare. Bayan wata shida, waɗanda aka haɗa musu hannu biyun sun fi samun sauƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da aka hana shi ne ɗaure mutum da mari, duka, da hana shi abinci. Hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Ghana ta sanar da haramta ɗauri da sarƙa a 2017. Duk wanda ya ga an ɗaure wani, ya sanar da jami'in kariya.

6. Kuɗi da sirri

A riƙe katin inshorar lafiya na NHIS, a duba kada ya mutu. Daga watan Nuwamba 2024 an saka ciwo huɗu na ƙwaƙwalwa cikin abin da katin ke ɗauka, har da baƙin ciki mai tsanani da firgita. Wanda ba shi da kati, ko aka ce masa magani ya ƙare, ya zo teburin kariya mu duba tare.

Wasu na tsoron kada maganar ta shiga takardunsu na neman mafaka. Ƙa'idar aiki ita ce, abin da aka faɗa wa nas ba ya fita sai da izinin mai shi, in ba rai ne ke cikin haɗari ba. Mu tafintoci ma wannan amana na wuyanmu, ko a masallaci muka haɗu ko a layin famfo.

7. Lokacin da ba a jira

Idan mutum ya fara maganar kashe kansa, ko yana raba kayansa yana neman gafara ba dalili, ko mai jego ta daina barci tana surutai, ko farfaɗiya ta wuce minti 5 ba ta lafa ba, a kai shi asibiti nan take ko a kira 112. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da igiya, wuƙa da maganin ƙwari. A da dokar Ghana tana hukunta wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, amma a 2023 majalisa ta soke wannan. Kada tsoron 'yan sanda ya hana a ceci rai.

Tambayoyin bita

A tattauna waɗannan a zaman mata, a majalisar matasa, ko bayan sallar isha'i:

1. Waɗanne kalmomi muke amfani da su a gidanmu idan damuwa ta kama mutum?
2. Me ya sa ake sake yin awo bayan an fara magani?
3. Wace tambaya ce ko 1 aka samu a kanta ba a barin mutum ya tafi?
4. Wa za ka raka asibiti a wannan mako, kuma katinsa yana da rai?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanyaya zukatanmu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.