Tsuntsayen Dagona: Amanar Ƙasa

Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991, yana da hedkwatarsa a Maiduguri. Cikin sassansa akwai Dagona, mafakar tsuntsayen ruwa da ke fadamun kogin Yobe kusa da Gashuwa. A 1989 Yarima Philip na Ingila ya ziyarci wurin, a 2008 kuma aka sa shi cikin fadamun duniya masu muhimmanci bisa yarjejeniyar Ramsar.

Tsuntsayen iri biyu ne. Akwai baƙi masu gudo wa sanyin Turai, su zauna daga Nuwamba zuwa Maris, sa'an nan su koma can su yi ƙwai. Akwai kuma 'yan gida, irin su dinya, da zalɓe, da balbela, waɗanda galibi da damina suke sheƙa.

Mai ziyara ya kiyaye waɗannan:

1. Ya nemi izni, ya bi ma'aikacin gandu.
2. Ya fita da sassafe, ya guji hayaniya.
3. Kada ya matsi sheƙa. Uwa in ta firgita ta tashi, rana takan kashe ƙwai, ko shirwa ta sure 'ya'ya.
4. Kada ya ɗebi ƙwai, kada ya yi harbi.

Madatsun Tiga da Challawa sun rage ambaliyar da ke raya fadamun, ciyawar kachalla kuma tana toshe hanyoyin ruwa. Ruwan da ke riƙe tsuntsu shi ke riƙe masunci da manomi da makiyayi. Saboda haka tsare wurin nan aikin kowa ne.