Masu Hawan Dutse Da Keke Domin Taimakon Mabukata

Mutanen ƙasar Kazaure ba su bukatar a koya musu ma'anar hawa da gangara. Wanda ya ɗaura buhun gero a kariyar kekensa ya nufi kasuwa ta hanyoyin da ke ratsa duwatsun Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, ya san inda zai sauka ya tura. 'Yan'uwanmu na Babura kuwa ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, amma rairayi shi ne dutsensu, gama yakan riƙe taya har gumi ya karyo wa mutum. Mu nan, dole ce take sa mu sha wahalar keke. To, darasinmu na wannan wata a kan waɗansu mutane ne na ƙasashe masu nisa, waɗanda suke neman tudu mai tsaye da gangan, su hau, su sauko, su sāke hawa, tun asuba har dare, domin a tara kuɗi a taimaki marasa lafiya da mayunwata. Da jin farko mutum zai ce rashin aikin yi ne. Bari mu duba al'amarin tukuna.

Yadda ake auna tudu

Masu wannan aiki ba su damu da nisan tafiya sosai ba. Tsayin da aka hau shi suke ƙidayawa. Idan ka yi tafiyar mita 100 a kan hanya, hanyar kuwa ta ɗaga ka sama mita 10, sai a ce tudun nan 10 ne cikin 100. Mai keke mai giya ɗaya, irin Raleigh ko Phoenix da muka saba da su, zai miƙe tsaye a kan feda a irin wannan wuri, in da kaya kuwa lalle ya sauka.

A yankin tafkuna na arewacin Ingila akwai wata hanya, Hardknott, wadda a waɗansu wurare takan kai 30 cikin 100. Tun shekarar 1999 ake yin wata tafiya ta mil 112 da ke bi ta nan, domin tunawa da Fred Whitton, magatakardan wata ƙungiyar masu keke, wanda ciwon daji ya kashe a 1998 yana da shekara 50. Kuɗin da ake tarawa yana zuwa ga masu kula da masu ciwon daji, da jirgin sama na ɗaukar marasa lafiya, da masu ceton waɗanda suka ɓace ko suka ji rauni a duwatsu. Hardknott yana kusa da ƙarshen tafiyar, sa'ad da ƙafafu sun riga sun mutu. Da yawa sukan sauka su tura, kamar dai mai buhun geron nan namu.

Everest a bayan gari

Dutsen Everest, wanda ya fi kowane dutse tsawo a duniya, mita 8,848 ne bisa ga tsohon awo. Domin mu gane girman wannan, garin Jos yana wajen mita 1,200 ne daga bakin teku, Chappal Waddi kuma, dutse mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Ba mai iya hawan Everest da keke. Amma mutum yana iya zaɓen tudu ɗaya a bayan garinsu, ya yi ta hawansa har jimlar abin da ya hau ta kai 8,848.

A 1994 wani mutum mai suna George Mallory ya yi haka a dutsen Donna Buang a Ostareliya. Jikan Mallory ne, wanda ya mutu a kan Everest a 1924. Bayan shekara 20, a 2014, Andy van Bergen na birnin Melbourne ya tsara wa abin dokoki. Tudu ɗaya ne, tafiya ɗaya ce, kana iya tsayawa ka ci abinci ka sha ruwa, amma ba barci. A 2020, sa'ad da cutar korona ta hana tsere da taro, mutane da yawa suka koma ga wannan, gama mutum ɗaya yana iya yinsa shi kaɗai. A watan Mayu na shekarar wani Ba'amurke, Phil Gaimon, ya gama cikin awa 7 da minti 52, yana tara kuɗi domin ciyar da yara mayunwata. Ba wanda ya taɓa yin saurinsa a lokacin, amma bayan kwana 4 kacal wani ya wuce shi. Sunan ya tafi, abincin yaran kuwa ya tsaya. A watan Maris na 2021 Ronan McLaughlin na Ayalan ya yi shi cikin awa 6 da minti 40, yana hawan ɗan guntun hanya ɗaya fiye da sau 70. Ya cire wa kekensa duk abin da ba dole ba, har da giyoyin da ba zai taɓa ba, domin kowane nauyi sai an ɗaga shi sama tare da mai shi. Kekunan tsere wajen kilo 7 ne. Namu sukan kai 20.

Ga lissafi domin 'yan makaranta. A ce akwai tudu a wajen Roni mai ɗaga mutum mita 50. Sau nawa za a hau shi kafin a kai Everest? Ku raba 8,848 da 50. Za ku ga sai an hau sau 177.

Ina kuɗin yake fitowa?

Feda ba ta haifar kuɗi. Abin da ake yi shi ne, mai keke yakan bi 'yan'uwa da abokai da 'yan kasuwa kafin ranar, ya ce, zan hau tudu kaza domin abu kaza, me za ka bayar a kan kowane hawa? A misali, mutum 100 kowanne ya yi alkawarin naira 200 a hawa ɗaya. In ya hau sau 40, kowanne zai biya 8,000, jimla kuwa 800,000. Saboda haka sa'ad da cinyarsa ta ɗaure a hawa na 30, ya san abin da zai hana mabukata in ya tsaya. Wannan shi ne abin da yake tura shi.

Mutanen Holan ƙasarsu ba duwatsu, sai suka tafi Faransa suka ari na mutane. Ran 6 ga Yuni, 2006, mutum 66 suka nufi Alpe d'Huez, hanya mai kusan kilomita 14 da kwana 21, da niyyar hawanta sau 6 a yini ɗaya domin binciken maganin ciwon daji. Abin ya bunƙasa har mutane dubbai suna zuwa kowace shekara, da yawa suna ɗauke da sunan wanda suka binne, ko wanda yake kwance a asibiti. A 2012 an tara wajen yuro miliyan 32.

Sai ku lura da abin da ya biyo baya, gama nan ne zuciyar darasin. A 2013 labari ya fito cewa an biya ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa aikin kuɗi mai yawa saboda hidimarsa a wata ƙungiya da ke haɗe da su, alhali kuwa mutane sun ɗauka kowa aikin sa kai yake yi. Tudun bai ragu ba, masu keke ba su yi rauni ba, amma abin da aka tara a 2014 bai kai rabin na shekarar da ta wuce ba. Aikin bai mutu ba, har yanzu ana yinsa, sai dai ya ɗauki shekaru kafin mutane su sāke sakin hannu. Wanda ya taɓa zama a taron da aka ce wa ma'aji ya kawo littafi, ya ce ya manta da shi a gida, ya san wannan ciwo.

Akwai tambayar da dattawanmu za su yi, kuma daidai ne su yi ta. An koya mana sadaka a ɓoye ake yinta. Me ya sa mutum zai tara jama'a su kalle shi yana zuba gumi? In yana da abin bayarwa, ya bayar mana shiru. A ganinmu amsar tana wajen abin da ake nunawa. Saurayin da ba shi da ko sisi, yana da ƙafafu da keke. In gumin nasa ya sa mutane suka juya suka dubi rijiyar da ta rushe, ko gwauruwar da aka kori 'ya'yanta daga makaranta, ya yi aikin mai shela ne, masu bayarwa kuma suna iya bayarwa a ɓoye. In kuwa an watse kowa ya san sunan mai keke, ba wanda ya san inda rijiyar take, to wasa aka yi. A 2021 Lachlan Morton, ɗan Ostareliya, ya bi dukan hanyar babban tseren Faransa shi kaɗai, kilomita 5,510 cikin kwana 18, yana kwana a waje yana gyaran kekensa da kansa. Abin da aka tara ya sayi kekuna dubbai, ta hannun ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda tun 2005 take raba kekuna, yanzu kuwa kekenta mai ƙarfi mai ɗaukar kilo 100 yana hannun 'yan makaranta da ma'aikatan lafiya na ƙauyuka a ƙasashe kamar Zambiya da Kenya. Wannan mun gane shi sarai, domin mun san abin da keke ɗaya yake yi wa gida.

In samarinmu za su gwada

Kada su fara da Everest. Hawa 20 a kan tudun da kowa ya sani ya isa. A yi shi da sanyin hunturu, Disamba ko Janairu, a fara tun asuba. A Afrilu zafin ƙasarmu yakan wuce awo 40, mutum kuwa yana iya faɗuwa kafin ya ji ƙishirwa ta dame shi. A ajiye ruwa a gindin tudu, da ɗan gishiri da sukari a ciki, da dabino, da kunu. A riƙa ci kaɗan kaɗan tun yunwa ba ta zo ba.

Gangara ta fi hawa haɗari. Gajiyayyen hannu ba ya kama birki da kyau, birkin kekunanmu kuma ba domin irin wannan aka yi shi ba. A kai keke wurin mai gyara ya sa sabuwar robar birki, ya duba sarƙa da taya, mai faci kuma ya zauna a wurin da famfonsa. A guji babbar hanyar Kano zuwa Daura saboda manyan motoci. A gai da mai unguwa da dagaci, a sanar da 'yan sanda, a gayyaci maƙwabta duka, gama rijiya ba ta tambayar mai guga inda yake sujada.

Mai keke kada ya taɓa kuɗin. Mutum 2 su riƙe littafin alkawari, wani dabam ya zauna a kan tudu da alli yana jan layi a kowane hawa. Kuɗin ruwa da abinci da gyaran keke a fitar da shi daga wani aljihu, in kuwa daga cikin abin da aka tara za a cire, a faɗa tun kafin a karɓi alkawarin kowa. Bayan mako 2 a karanta lissafin a gaban jama'a, abin da ya shigo, da abin da aka saya, da sunan kantin da aka saya. In mai keke ya yi niyyar 20 ya tsaya a 14, na 14 za a karɓa.