Darasi: Tayar gaba da tayar baya

Moto ya zama jakin zamani. Shi ke kai zogale da tumatir daga fadamar Jiratawa zuwa kasuwar Maradi. Shi ke ɗauko mara lafiya daga ƙauyukan Tibiri zuwa likita. Amma moto ƙafa biyu gare shi. In ɗaya ta zame, babu ta uku da za ta tare shi.

Abin da ya sami wani manomi

Wani manomi tayar gaban motonsa ta fashe ana gab da damina. Ta baya sabuwa ce, robarta mai laushi. Ya je wurin mai faci, ya sami wata mai araha, ta wani kamfani dabam. Ta daɗe a ajiye, robarta ta yi tauri kamar busasshen ƙirgi. Ya ce ai taya taya ce. Ran da aka yi ruwan farko ya ɗauko kaya zuwa birni. A wata kwana amalanke ta gitta. Ya kama birki. Ta baya ta riƙe kwalta, ta gaba ta zame. Ya faɗi, ya karye a hannu. Wannan shekara sai 'yan'uwa suka yi masa shuka da noman farko.

Aikin kowace taya

Ta gaba ita ke juya moto, kuma ita ke ɗaukar mafi yawan ƙarfin birki. Ta baya ita ke tura moto, ita ke ɗaukar nauyin kaya. Don haka ta baya ta fi saurin cinyewa. In ta baya ta zame, mai tuƙi kan iya gyarawa. In ta gaba ta zame, faɗuwa ce nan take.

Roba iri-iri ce

Roba mai laushi tana kama hanya sosai, amma tana ƙarewa da wuri. Roba mai tauri tana daɗewa, amma tana santsi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Zane ma iri-iri ne. Mai manyan haƙora ta rairayi da laka ce. Mai ƙananan zane ta kwalta ce. Kowane kamfani da nasa haɗin robar.

Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Nijeriya a 2007, Dunlop ya daina yin taya a can a 2008. Tayoyin moto da ake gani a shaguna yawanci daga Sin da Indiya da sauran ƙasashen Asiya suke zuwa. Sunayensu da yawa. Shi ya sa samun biyu masu suna ɗaya ba kullum yake yiwuwa ba.

To, a haɗa ko kada a haɗa?

Abin da ya fi kyau shi ne biyun su zama na kamfani ɗaya, iri ɗaya. In ba a samu ba, bambancin suna ba shi ne babban haɗari ba ga ƙaramin moto. Haɗarin yana ga bambancin iri. Ga ƙa'idodi biyar:

1. Lamba ta dace da moton. A gefen taya akwai rubutu kamar 2.75-17 ko 3.00-18. Lambar farko faɗin taya ce. Ta biyu girman ƙarfen ƙafar da za ta hau. A bi lambar da moton ya zo da ita.

2. Zane ya zama iri ɗaya. Kada a sa mai haƙora a baya, mai sumul a gaba.

3. Wadda ta fi kama ƙasa ita ke zuwa gaba. Kada a maida tsohuwar baya gaba don tattalin kuɗi.

4. A duba kibiya. Wasu tayoyi suna da kibiya a gefe, tana nuna inda za su riƙa juyawa. Wasu an rubuta masu F, wato gaba, ko R, wato baya.

5. A duba shekaru. Tayoyi da yawa suna da lamba huɗu a gefe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23, shekarar 2019. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba. In ta tsattsage a gefe, a bar ta.

Sabuwar taya ma tana da santsi. Kwanakin farko a tafi sannu, musamman a kwana. Iska kuwa da safe ake auna ta, kafin taya ta yi zafi.

Karatu ya yi rana a nan. Wanda ya iya karanta lamba, shi ke zaɓen tayarsa da idonsa.

Tambayoyi

1. Wace taya ce ke ɗaukar mafi yawan ƙarfin birki?
2. Me ya kayar da manomin nan?
3. An ga 1522 a gefen taya. Wane mako aka yi ta, wace shekara?
4. Kowane ɗalibi ya kwafo lambar tayar wani moto na garinsu, ya kawo aji a karanta.