Kafa dish a inda ka yada zango

Direban babbar mota, ɗan kasuwar da ke bin kasuwanni daga Kaura Namoda zuwa Shinkafi ranar Alhamis, da mai gidan kallon da ke ɗaukar kayansa zuwa ƙauyukan Zurmi, duk kukansu ɗaya ne: an sauke kaya, an haɗa waya, hoto ya ƙi fitowa. Galibi laifin ba na dikoda ba ne, ƙafar dish ce ba ta tsaya daidai ba.

Ka samu tsohuwar taya, ka kafa bututun ƙarfe a tsakiyarta, ka cika da siminti. Duk inda ka ajiye ta, ka rataya zare da ɗan dutse a jikin bututun, ka tabbatar ya miƙe sak. Idan ya karkace ko kaɗan, sai ka wuni kana juyi a banza. Tauraron ɗan'adam da dish ke kamawa yana can sama da nisan kusan kilomita 36,000, kuskuren ɗan yatsa a nan ƙasa ya isa ya ɓatar da shi.

Tun kana gida, lokacin da hoto ke fitowa tas, ka sa fenti ka yi alama a kan ƙarfen da ke ɗaga dish sama da ƙasa, ka kuma yi wata a wuyan LNB, wato 'yar na'urar da ke gaban dish tana karɓar sigina. Tsakanin Kaura, Shinkafi da Zurmi wannan saiti kusan bai canzawa, don haka abin da ya rage maka a sabon wuri shi ne juyi hagu da dama kawai. Mai DStv yana neman tauraron Eutelsat da ke digiri 36 gabas: ka fuskanci alƙibla, ka juya zuwa dama kamar digiri 40. Na StarTimes yana digiri 5 gabas, wato kusan kudu kuma can sama. GOtv kuwa da eriya yake aiki, in ka yi nisa da birni kada ka dogara da shi.

Ka juya a hankali, ka dakata, domin dikoda tana ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi kafin ta amsa. Layuka biyu za ka gani a allo, na ƙarfi da na inganci. Na biyun ake bi. Na farko yana iya cika alhali ba ka kama komai ba. Kada ka kafa a gindin bishiya, ganye yana tare sigina, kuma in hadari ya haɗu hoto ya ɗauke, ka bar saitinka yadda yake, zai dawo.

Wajen wuta, na fi son faranti na sola da batir da talabijin mai aiki da bolt 12. Ba ƙara, ba neman fetur. In janareta ne, a waje za ka ajiye shi, hayaƙinsa yana kisa a rufaffen ɗaki. A mota kuma ka cire LNB, ka sa kwanon dish ɗin tsakanin katifu, don lotsattsen dish ba ya gyaruwa.

Halin rashin tsaron da hanyoyinmu suke ciki ba ɓoyayye ba ne. Ka isa masauki da rana, ka sanar da mai unguwa, ka kafa kayanka cikin gari inda jama'a suke, kada ka kunna allo da dare a bakin daji.